Yadda Ake Auna 'Yan Ƙwallon Da ta Hanyar Kallon Tsofaffin Wasanninsu

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ko a teburin mai shayi bayan an tashi daga wasa ya san yadda musun yake tafiya. Dattijo zai rantse cewa ba a sake yin kamar Pelé ko Maradona ba, matashi kuma zai zaro waya ya nuna masa bidiyon minti uku, ya ce ai 'yan bayan wancan zamanin tsayawa suke yi kamar turaku ana wuce su. Kowannensu yana da hujja, amma hujjar ɗaya tunawa ce, wadda shekaru suke yi wa ado, ta ɗayan kuma guntun hoto ne da wani ya yanko domin ya burge masu kallo. Yanzu da cikakkun wasanni masu yawa suke samuwa a intanet, a YouTube da rumbun FIFA+ da shafin Footballia, mutum yana iya zama ya duba da idonsa. Sai dai gani ya kori ji ne kawai idan mai ganin ya san abin da yake kallo, domin tsohon hoto yana da hanyoyinsa na yaudarar ido.

Ka'idar da duk wannan bayani ya ginu a kanta ita ce a auna ɗan wasa da sauran mutum ashirin da ɗaya da suke fili tare da shi a wannan rana. Ƙwallo ɗaya suka buga, a kan ciyawa ɗaya, ƙarƙashin alƙalin wasa ɗaya da dokoki ɗaya, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da su ita ce abin da hoton zai iya nuna maka da gaskiya. Tambayar ko zai iya taka leda a gasar Ingila ta bana kuwa, hoton ba shi da amsarta.

Ka nemi cikakken wasa, ka bar tarin ƙwallaye

Bidiyon da aka tara ƙwallayen ɗan wasa da yankansa yana da daɗin kallo, amma ba a yin awo da shi. Wanda ya haɗa shi ya riga ya yanke hukunci kafin ya fara, ya ɗebi abin da ya dace da hukuncinsa ya zubar da saura, kuma a cikin sauran da aka zubar ɗin ne ake ganin fasin da ya ɓata, da mintuna ashirin da ya yi ba a ji ɗuriyarsa ba, da kuma ko yana komowa baya idan an ƙwace ƙwallo daga ƙafarsa. Ɗan wasa ba ya riƙe ƙwallo sai 'yan mintuna kaɗan a cikin casa'in, ke nan mafi yawan aikinsa yana yin sa ne ba tare da ita ba.

Wasa ɗaya ma bai isa ba. Abin da nake yi shi ne in zaɓi aƙalla wasa biyar ko shida na mutum ɗaya, in tabbata akwai wanda ƙungiyarsa ta yi nasara da wanda aka doke ta, akwai babban wasa da kuma na yau da kullum, sannan idan ya yiwu akwai na ƙuruciyarsa da na lokacin da ƙafa ta fara nauyi. Wasan da aka doke su ya fi kowanne amfani. Ɗauki Rashidi Yekini a gasar cin kofin duniya ta 1994. Kowa ya san ƙwallon da ya ci Bulgeriya a Dallas, inda ya kama raga yana ihu, amma ita kanta ƙwallon turawa kawai ya yi bayan Finidi George ya miƙo masa ita a bakin raga. Wanda yake son sanin irin lamba taran da Yekini yake sai ya ƙara da wasan da Italiya ta fitar da Najeriya da ci 2 da 1, inda bai ci ƙwallo ba, ya dubi yadda ya yi ta fama da Paolo Maldini da Alessandro Costacurta, da sau nawa ya ruga cikin sarari ba a ba shi ba, musamman bayan Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike sun fita daga fili.

Idan data ce matsalar, ka sauke wasan da daddare lokacin da take da sauƙi, sannan ka yi ƙoƙari ka kalle shi a talabijin ko kwamfuta, domin a allon waya 'yan wasan da ke nesa da ƙwallo ɗigo-ɗigo kawai suke zama.

Gyara hoton kafin ka yarda da shi

Tsofaffin talabijin kusan murabba'i suke, faɗinsu huɗu tsayinsu uku, na yanzu kuwa sha shida ne da tara. Masu ɗora bidiyo da yawa suna jan tsohon hoton ya cika sabon allo, sai ka ga 'yan wasa sun zama gajeru masu ƙiba, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Ka dubi ƙwallon ko fuskar mutum idan an matso da kyamara, ko kuma ragar idan an nuno ta daga gaba: faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, wato faɗin ya ninka tsayin sau uku daidai. Idan ya wuce haka an ja hoton, sai ka mayar da shi yadda yake a na'urarka.

Sauri ma haka. Hotunan da aka ɗauka da kyamarar majigi ta da, musamman na kafin yaƙin duniya na biyu, sukan fito da gaggawa kamar mutanen suna tsalle-tsalle, wasu kuma da aka kwafa daga kaset zuwa kaset suna rasa wani kaso na hotunan da ke cikin kowace daƙiƙa, sai motsi ya zama da nauyi da sarƙewa. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka lura da ƙwallon da aka buga sama tana saukowa, domin yadda abu yake faɗowa ƙasa a 1958 haka yake faɗowa yau. Idan ta sauko da saurin da idonka bai saba da shi ba, to hoton ne yake da matsala, ba ƙafafun 'yan wasan ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin wasan da aka watsa ta talabijin da kuma labaran majigi da ake nunawa a sinima, irin na kamfanin Pathé. Na biyun gutsattsari ne da aka ɗauka daga gefen fili, aka yanka aka liƙa, har akan sa hoton 'yan kallo suna tafi a tsakiyar hari, don haka ba za ka san daga ina ƙwallo ta taso ba. Suna da amfani wajen ganin yadda mutum yake taɓa ƙwallo, amma ba sa nuna inda yake tsayawa. Gasar duniya ta 1954 a Suwizalan ita ce ta farko da aka nuna a talabijin, ta 1970 a Mekziko kuma ita ce ta farko da aka watsa da launi, kuma ina ganin wannan launin ya taimaka ƙwarai wajen sa rigar Brazil ta wannan shekara ta zauna a zukatan mutane fiye da ta 1958 da ta 1962.

Daga nan sai ka kashe murya, aƙalla a kallon farko. Mai sharhi yana gaya maka wanda za ka kalla, yana kuma maimaita sunan shahararre ko da bai yi komai ba, wasu bidiyoyin ma an ɗora musu sharhin ne shekaru bayan wasan, daga bakin wanda ya riga ya san yadda aka tashi.

Sanin dokar da ake wasa da ita a wannan shekara

A nan ne mafi yawan masu kallo suke zamewa, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ƙwallon ƙafa ta 1966 da ta yau suna ɗaya ne, amma dokokinsu sun sha bamban ta yadda abin da yake wauta a yau hikima ne a wancan lokaci.

Ba a fara canjin ɗan wasa a gasar cin kofin duniya ba sai 1970, kuma mutum biyu kawai aka yarda. A 1966, a filin Goodison Park na Liverpool, João Morais na Portugal ya yi wa Pelé keta har sau biyu a jere, ba a kore shi ba, Pelé kuma ya ƙarasa wasan yana ɗingishi saboda babu damar a musanya shi. A 1970 Franz Beckenbauer ya gurɗe a kafaɗa a wasan kusa da na ƙarshe da Italiya, ya ci gaba da wasa da hannu a ɗaure saboda Jamus ta Yamma ta riga ta ƙarar da canjinta. Idan ka ga ɗan wasan wancan zamani yana tafiya a hankali a minti na sittin, ka tuna ya san babu wanda zai karɓe shi, dole ya raba ƙarfinsa ya kai shi ƙarshe. Yau koci yana da canji biyar, yana iya cewa ɗan gaba ya yi gudu har ya ƙare a cikin awa ɗaya sannan ya cire shi.

Katin gargaɗi da jan kati su ma a 1970 aka fara amfani da su, kuma sai a 1998 aka tsaurara hukuncin sharar ƙafa ta baya. Ka kalli yadda Claudio Gentile ya bi Maradona a wasan Italiya da Ajantina na 1982, ko yadda 'yan Kamaru suka tare Claudio Caniggia na Ajantina a wasan buɗe gasar duniya ta 1990 a Milan, inda mutum biyu suka kai masa hari ya tsallake kafin Benjamin Massing ya kwashe shi har takalmin shi Massing ɗin ya fita. An kori Massing, amma dubi abin da sai da aka yi kafin a kai ga korar. Mai yanka a wancan zamani yana karɓar ƙwallo ne da sanin cewa duka yana tafe daga baya, don haka idan ka ga yana sakin ta da wuri ko yana tsalle kafin a iso shi, kare ƙafarsa yake yi. Wannan dokar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma: ɗan bayan da ya yi suna a lokacin da aka yarda da duka, sai ka bincika ko yana da wani abu ban da dukan. Ƙwacen da Bobby Moore na Ingila ya yi wa Jairzinho na Brazil a Guadalajara a 1970, inda ya ja da baya yana jira har lokacin ya yi sannan ya sa ƙafa ya ɗauke ƙwallon ba tare da ya taɓa mutumin ba, zai wuce a gaban kowane alƙali na kowane zamani.

Sai babbar dokar da ta raba tarihin wasan gida biyu, wato ta 1992 da ta hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Kafin wannan shekara, ɗan bayan da aka matsa wa sai kawai ya juya ya tura wa golansa, shi kuma ya rungume ta ya kwanta. Gasar 1990 ta ƙare da ƙwallo 115 a wasa 52, mafi ƙarancin matsakaici a tarihin gasar, kuma Denmak ta ci kofin Turai na 1992 tana yawan mayar wa Peter Schmeichel ƙwallo, 'yan makonni kafin sabuwar dokar ta fara aiki. Abin da wannan yake nufi ga mai awo shi ne kada ya zargi ɗan gaban 1985 da lalaci don bai bi 'yan baya da gudu ba, tunda ya san ƙarshen gudun a hannun gola yake. Kada kuma ya nemi golan da ya iya wasa da ƙafa a lokacin da ba a buƙatar hakan. Abin da ake nema a wurin golan da shi ne jarumtar fitowa cikin cunkoso, domin an yarda a bangaje shi: a wasan ƙarshe na kofin FA na 1958 Nat Lofthouse na Bolton ya ture Harry Gregg na Manchester United da kafaɗa, shi da ƙwallon suka faɗa raga, aka kuma ba da ci.

Satar gida ma ta canza. Kafin 1990 wanda yake daidai da ɗan baya na ƙarshe ya yi satar gida, kuma alƙalai sukan busa ko da wanda ya wuce layin ba shi da hannu a harin. Shi ya sa za ka ga 'yan Holan na 1974 suna rugowa gaba gaba ɗayansu kamar an kora garke, ko Franco Baresi yana ɗaga hannu a AC Milan ta Arrigo Sacchi. Ɗan gaban da aka kama sau shida a wasa ɗaya a wancan lokaci ba lallai ne ya zama marar lura ba.

Ƙwallon kanta a da ta fata ce, tana shan ruwa ta yi nauyi idan ana ruwan sama, kuma sai a 1986 aka buga gasar duniya da wadda babu fata a jikinta ko kaɗan. Filayen hunturu a Turai taɓo ne, a Mekziko kuwa, a 1970 da 1986, an buga wasanni da tsakar rana domin masu kallo a Turai, a birnin da yake sama da mita 2,200 daga matakin teku. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na 1970 ya ce Brazil da Italiya tafiya suke yi bai yi ƙarya ba, amma ya manta a ina suke tafiyar.

Abin da za ka bi da ido

Ka kalli wasan sau biyu. A karon farko ka bi ƙwallo kamar kowa, domin ka fahimci yadda wasan ya gudana da tsarin kowace ƙungiya. A karo na biyu ka manta da ƙwallo, ka ɗora idonka a kan mutum ɗaya, da littafi da biro a gefenka. Duk lokacin da ƙwallo ta nufo shi, ka tsayar da bidiyon kafin ta iso, ka rubuta minti, da inda yake tsaye, da yawan abokan hamayyar da ke kusa da shi, sannan ka tambayi kanka me za ka yi da kai ne. Daga nan ka saki hoton. Idan sau da yawa abin da ya yi ya fi abin da ka hango alhali kai kana kallo daga sama kuma a zaune, to kana gaban babban ɗan wasa. Ka lura kuma ko yana waiwayawa kafin ƙwallo ta zo, da inda taɓawarsa ta farko take ajiye ta, da ko yana amfani da ƙafa biyu. Waɗannan ba su da alaƙa da abinci ko kimiyyar horo, don haka suna tsallake zamani.

Zanen fili zai zame maka ma'auni, tunda bai canza ba: daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta mita 9.15 ne, daga layin raga zuwa bakin babban akwati kuma 16.5. Da su za ka kimanta sararin da ake bar wa ɗan tsakiya. Gaskiya ne a wasannin 1960 sararin yana da yawa, amma ka duba ko kowa ne yake cin moriyarsa ko mutum ɗaya ne. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1960 a Glasgow, inda Real Madrid ta ci Eintracht Frankfurt 7 da 3, Ferenc Puskás ya ci huɗu, Alfredo Di Stéfano ya ci uku, amma littafinka zai nuna maka Di Stéfano yana karɓar ƙwallo daga wurin 'yan bayansa, yana raba ta a tsakiya, sannan ya bayyana a bakin raga, abin da babu wani a filin da yake yi.

Kada lambar riga ta ruɗe ka. A Wembley, ranar 25 ga Nuwamba 1953, Nándor Hidegkuti na Hungari ya sa lamba tara amma ya ja baya zuwa tsakiya, Harry Johnston na Ingila da aka ɗora wa tsaronsa ya rasa ko ya bi shi ko ya tsaya, aka tashi 6 da 3 Hidegkuti yana da uku. Haka Tostão a Brazil ta 1970: ƙwallo biyu kawai ya ci a gasar, Jairzinho ya ci bakwai, Pelé huɗu, amma idan ka mayar da ƙwallon Carlos Alberto ta wasan ƙarshe zuwa farkonta, za ka tarar da Tostão, ɗan gaba, can cikin gidansu yana karɓo ƙwallon minti huɗu kafin a tashi. Matsalar ita ce kyamara ɗaya ce take bin ƙwallo, irin waɗannan mutane kuma sukan fita daga hoto, sai ka lura da inda suka ɓace da inda suka sake ɓullowa, ka cike tsakanin da hankali.

Waɗanda kyamara ba ta riska ba

Hoton da ya rage ba adalci aka yi wajen rabonsa ba. Gasar duniya da wasannin ƙarshe na Turai su ne aka fi adanawa, alhali Di Stéfano da George Best da George Weah ba su taɓa buga gasar duniya ba, kuma kaso mai yawa na wasannin Pelé a Santos ba a ɗauke su ba ko sun salwanta. A gida abin ya fi tsanani. Ana samun hoton wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980 a Legas, inda Segun Odegbami ya ci biyu Muda Lawal ya ci ɗaya aka doke Aljeriya 3 da nema, amma wanda yake son ganin Mighty Jets ta Jos da ta ci gasar ƙasa a 1972, ko Raccah Rovers ta Kano da ta ci a 1978, da wuya ya samu abin da zai ishe shi awo. Irin waɗannan 'yan wasa sai a ware su a wani shafi dabam na littafin, a nemi shaidar waɗanda suka gan su, kuma shaidar wanda ya tsare su ko ya goyi bayan abokan hamayyarsu ta fi ta masoyansu nauyi. Kuskure ne a sa su ƙasa da wani don kawai shi an ɗauke shi su ba a ɗauke su ba.

Ga wanda yake son gwada hanyar a daren yau, ina ba da shawarar wasan Italiya da Brazil na 5 ga Yuli 1982 a Barcelona, domin hotonsa yana da kyau, kuma cikakkensa yana samuwa. Kada ka bi Paolo Rossi da ya ci uku, kada kuma ka bi Zico ko Sócrates. Ka bi Toninho Cerezo na Brazil, wanda duniya ta riƙe da fasin da ya yi a kwance a gaban gidansu, Rossi ya tsinke shi ya ci ta biyu a minti na 25. Ka rubuta duk taɓawarsa daga busar farko zuwa ta ƙarshe, har da gudun da ya yi ya janye 'yan bayan Italiya a lokacin da Falcão ya farke ta biyu, sannan ka ƙirga layukan da ke littafinka ka ga nawa ne daga cikinsu suka yi kama da wancan fasin.